Daga Garwa zuwa Maga: Ina Ya Kamata Na'urar Hoton Asibiti Ta Zauna?

A shekarar 1979 aka kammala madatsar ruwan Maga a arewacin Kamaru, gangar ƙasa mai tsawon kusan kilomita 27 da aka ja don ta tare ruwan kogin Logon da na rafukan da ke gangarowa daga duwatsun Mandara, saboda hukumar SEMRY ta samu ruwan noman shinkafa. A cikin wannan shekarar ce kuma aka bai wa Godfrey Hounsfield na Ingila da Allan Cormack, haifaffen Afirka ta Kudu, lambar Nobel ta fannin likitanci saboda na'urar CT, wadda ke nuna cikin jikin mutum yanka-yanka ba tare da wuƙa ta taɓa shi ba. Tafkin ya kawo shinkafa da kifi, ya tara manoma da masunta da makiyaya da 'yan kasuwa, ya kuma zo da abin da ruwa kwance kan zo da shi, wato sauro da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Ita kuwa na'urar ta zagaye duniya ta sauya aikin likita, amma a arewacin Kamaru sai a manyan birane ake cin karo da ita. Mutumin Maga da likita ya ce a yi masa irin wannan hoto sai ya kama hanyar Marwa, kimanin kilomita 80, in kuma abin ya fi ƙarfin Marwa ya ƙara wasu 200 zuwa Garwa, da kuɗin mota da na masauki da na mai jinya, kafin a zo maganar kuɗin hoton kansa.

An daɗe ana ɗaukar wannan nisa a matsayin abin da ba makawa. Na'urar tana da tsada, tana son wutar da ba ta yankewa da ɗaki mai sanyi da ƙwararren likitan hoto, saboda haka sai a ajiye ta a birni, mara lafiya ya biyo ta. Shekaru talatin da suka wuce wannan hujja ba ta da kishiya. Yau ta yi rauni, kuma dalilin raunin nata shi ne abin da ya kamata masu tsara kasafin lafiya a Yawunde da Garwa su zauna su duba da kyau. Mafi yawan ci gaban da hoton asibiti ya samu tun 1971 daga ƙarfin lissafin kwamfuta ya fito, shi kuwa lissafi ya yi arahar da a yau wayar hannun mai sayar da kifi a bakin tafki ta fi kwamfutar da ta haɗa hoton CT na farko nesa ba kusa ba. Wannan araha ta buɗe wa arewacin Kamaru ƙofar da a da ke rufe: a sauko da hoto zuwa asibitin gunduma irin na Maga, a sa shi a hannun ungozoma da ma'aikacin jinya, maimakon a ci gaba da tara komai a sabbin gine-ginen birni. A ganina nan ne ya kamata sefar farko ta tafi, kuma ga dalilaina.

Hoton da Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895 inuwa ce kawai. Haske ya ratsa jiki, ƙashi ya tare shi, tsoka ta bar shi ya wuce, gaɓoɓi suka hau kan juna a faranti ɗaya, babu lissafin da ake bukata. CT wani abu ne dabam. A ɗauka buhunan shinkafa ne aka jera a fili sahu-sahu, ba a san nauyin kowane buhu ba, amma an san jimillar nauyin kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace ta kowace kusurwa. In jimillolin suka yi yawa, mai lissafi zai fitar da nauyin kowane buhu ba tare da ya ɗaga ko ɗaya ba. Haka CT ke yi da jiki: tana auna yawan hasken da ya ragu a kowane layin da ya bi, sannan ta lissafo kaurin kowane ɗigo. Ka'idar wannan lissafi tsohuwa ce. Johann Radon na Austriya ya rubuta ta tun 1917, Cormack kuma, wanda tunanin ya zo masa lokacin da yake aiki da asibitin Groote Schuur a Cape Town, ya buga nasa a 1963 da 1964, kusan babu wanda ya waiwaye shi. Mai yin lissafin ne ba a samu ba. A gwajin farko da Hounsfield ya yi a kamfanin EMI, kwana 9 aka yi ana tara awo, kwamfuta kuma ta shafe awa biyu da rabi kafin ta fitar da hoto. Ranar 1 ga Oktoba 1971 aka ɗauki hoton kan mara lafiya na farko, wata mata, a asibitin Atkinson Morley na Landan. Hoton ɗigo 80 ne sau 80, wato 6,400, daga awo 28,800. A yau yanka ɗaya yana da ɗigo 512 sau 512, wato 262,144, ana kuma fitar da ɗaruruwan yanka cikin 'yan daƙiƙoƙi.

MRI ta ma fi CT jingina da lissafi. Dabarar da Paul Lauterbur ya buga a 1973, wadda Peter Mansfield ya gyara ya hanzarta har suka raba Nobel a 2003, ba ta ɗaukar abin da ido zai kira hoto. Ana sa mutum cikin maganaɗisu, ana sauraron raunanan siginonin da ruwan jikinsa ke mayarwa, sannan kwamfuta ta juya su zuwa hoto da lissafin Fourier, wanda gajeriyar hanyar yinsa da Cooley da Tukey suka fitar a 1965 ta sa ya yiwu cikin lokaci mai ma'ana. Shekara da shekaru, duk ƙarin ƙarfin da kwamfuta ta samu a wuri ɗaya aka zuba shi: hoto ya ƙara kyau, na'ura ta ƙara girma da tsada, domin asibitocin masu kuɗi su ne kasuwa. MRI ta yau da kullum mai ƙarfin tesla 1.5 tana da nauyin tan-tan, maganaɗisunta yana zaune cikin ruwan iskar heliyum mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri, tana son ɗaki na musamman da injin sanyayawa da ba ya hutawa. Wanda ya san zafin Garwa a Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, ya san abin da riƙe irin wannan na'ura ke ci.

Sai dai ƙarfin lissafi yana da wata hanyar kashewa, kuma ita ce ta shafe mu. Ana iya yarda da awo mai rauni, mai araha, marar yawa, a bar kwamfuta ta cike gurbin. Masana lissafi irin su Candès da Tao da Donoho sun nuna a wajajen 2006 cewa ana iya haɗa hoto cikakke daga awo kaɗan in an zaɓe shi da dabara, aka kuma shigar da wannan cikin MRI a 2007. Daga baya manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda aka horar da dubban hotuna, suka koyi tace hayaniya daga sigina. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Swoop, MRI ta kai mai ƙarfin tesla 0.064 kacal, wadda ake turawa a kan taya a jona ta a soket na bango, an kuma kai ta asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre a Malawi. A Uganda, Jami'ar Mbarara da abokan aikinta na Leiden a Holan sun harhaɗa tasu mai ƙarfin kusan tesla 0.05 a can Mbarara, da nufin duba yaran da ruwa ke taruwa musu a kai. Na'urar eko, mai duba ciki da sauti, wadda a zamanin Ian Donald na Glasgow a 1958 katuwar aba ce da ba ta ɗaukuwa, ta koma abin da ke shiga aljihu: Butterfly iQ, da aka amince da ita a 2017, kanta guntun siliki ne irin na kwamfuta, ana jona ta da wayar hannu, farashinta na farko kusan dala 2,000. Wannan shi ne canjin da ya rushe tsohuwar hujja. Nauyin aikin ya tashi daga ƙarfe ya koma kan lissafi, lissafi kuwa ba ya jin nisan hanya.

To me mutanen Maga da maƙwabtanta na Pus da Girbidik suke bukata a gani a jikinsu? Na farko, kuma mafi girma, ciki. Binciken lafiya na ƙasa na 2011 ya nuna mata 782 ne ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000 a Kamaru. Na 2018 ya nuna adadin ya sauko ƙasa da 500, amma har yanzu nauyi ne babba, arewa kuma ita ce inda mata suka fi haihuwa a gida, nesa da ɗakin tiyata. Saboda haka ne aka fara shirin Chèque Santé a jihohin arewa uku, da tallafin Faransa da Jamus, inda mace ke biyan sefa 6,000 a yi mata awon ciki da eko da haihuwa, har tiyata in ta kama. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2016 ta ce a yi wa kowace mai ciki eko sau ɗaya kafin mako na 24. Abin da hoton ke faɗa ba shi da yawa, amma kowanne rai ne: watannin cikin nawa ne, ɗa ɗaya ne ko tagwaye, jaririn ya kwanta daidai ko a gicciye, mabiyiya ta tare ƙofar mahaifa ko ba ta tare ba, cikin yana mahaifa ko ya zauna a waje. Takardar da aka biya wa sefa 6,000 tana alkawarin eko, amma alkawarin ba ya cika sai inda akwai na'ura da mai iya riƙe ta. A nan ne lissafi ya sake shigowa. Wani bincike na Jami'ar North Carolina da abokan aikinta a Zambiya, da aka buga a 2022, ya nuna cewa ma'aikaciyar da ba ta koyi karanta hoto ba tana iya goga kan na'ura a kan ciki bisa layukan da aka koya mata, manhaja ta ƙiyasta shekarun cikin daidai da yadda ƙwararre ke yi. A Kenya kuma, a 2022, an raba irin waɗannan na'urorin aljihu 500 ga ungozomomi da ma'aikatan jinya bayan gajeren horo. Babu wani abu a yanayin Mayo-Danay, yankin da Maga take, da zai hana a yi haka.

Na biyu tarin fuka. Hoton ƙirji shi ne hanya mafi sauri ta tace wanda ya kamata a gwada kakinsa, amma hoto ba shi da amfani in babu mai karanta shi, likitocin hoto kuwa a ƙasashe matalauta ba su kai biyu ga kowane mutum miliyan ba, alhali a ƙasashe masu arziki sun kusa ɗari. A Maris 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhaja a madadin mutum wajen karanta hoton ƙirji don tace tarin fuka ga masu shekara 15 zuwa sama. Abin da ya kamata ɗan Kamaru ya sani shi ne cewa hotunan ƙasarsa suna cikin hujjojin farko da aka tara a kan wannan. Wani bincike da mujallar Scientific Reports ta buga a 2019 ya gwada manhajoji uku, CAD4TB ta Holan da qXR ta Indiya da Lunit ta Koriya ta Kudu, a kan hotunan mutum 1,196 daga Nepal da Kamaru, ya kuma gano cewa ana iya rage gwajin kaki na GeneXpert da kusan kashi biyu cikin uku ba tare da an rasa fiye da biyar cikin ɗari na masu cutar ba. Gwajin kaki yana da tsada, kayansa kan yanke, saboda haka wannan ragin ba ƙaramin abu ba ne. An kuma samu na'urorin hoton ƙirji masu batir da ake goyawa a baya, waɗanda shirye-shiryen yaƙi da tarin fuka a Najeriya suka riga suka shiga ƙauyuka da su. Irin wannan na'ura tana shiga kwale-kwale, ta je wurin masuntan da ke kwana a kan ruwa, waɗanda ba za su bar kamun kifi su tafi Marwa saboda tari ba sai ya kwantar da su.

Na uku ita ce cutar tafkin kanta. Tsargiya ta daɗe da zama a yankunan noman rani na Maga da Yagwa, har wasu iyaye na ɗaukar jini a fitsarin yaro abin da ke zuwa da girma. Gano ta ba ya bukatar hoto, fitsari ya isa, maganinta kuma, praziquantel, ana raba shi a makarantu. Abin da fitsari ba ya nunawa shi ne ɓarnar da ta riga ta yi: kaurin bangon mafitsara, toshewar hanyar fitsari da ke kumbura ƙoda a hankali ba tare da ciwo ba, tabon hanta a nau'in da ke kama hanji, da sauye-sauyen da kan kai ga sankarar mafitsara. Eko ce ke nuna waɗannan, kuma ka'idar yadda ake auna su a Yamai aka tsara ta, a taron masana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira a Oktoba 1996. Kusan shekaru talatin ke nan ka'idar tana nan a rubuce, an gina ta a kan marasa lafiyar yankinmu, tana jiran na'urar da za ta isa bakin ruwa.

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjarsu mafi ƙarfi ba ta wasa ba ce. A 2018 mujallar BJOG ta buga sakamakon babban gwaji da aka yi a ƙasashe biyar, Kwango Kinshasa da Kenya da Zambiya da Gwatamala da Pakistan, a kan haihuwa kusan 47,000. An kai eko ƙananan asibitocin karkara, an horar da ma'aikata, an duba mata, an gano masu matsala, an tura su gaba. Da aka zo ƙidaya, mutuwar iyaye mata da ta jarirai ba ta ragu ba. Duk mai son a kashe kuɗin jama'a a kan na'urar aljihu dole ya tsaya a gaban wannan sakamako da gaskiya. Ni abin da na fahimta daga gare shi shi ne cewa ganin Dala ba shiga birni ba ne. Wasu matan da aka tura ba su je ba, waɗanda suka je kuma asibitin da ya karɓe su bai fi yadda yake a da ba. Hoto yana faɗa wa ungozoma cewa wannan matar kada ta yi naƙuda a gida, amma ba ya ɗauko jini, ba ya kunna fitilar ɗakin tiyata, ba ya gyara hanyar da ambaliya ta cinye, irin yadda aka gani a 2012 da 2024 a Mayo-Danay. Wannan gwajin bai ce a bar hoto a birni ba. Abin da ya koyar shi ne kada a sayi na'ura ita kaɗai. Arewacin Kamaru ma yana da abin da ya rage wannan giɓin, domin Chèque Santé ya riga ya ɗauke kuɗin tiyata daga wuyan iyali, tsoron kuɗi kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke hana matar da aka tura tafiya. Inda kuma hanya ke yankewa da damina, sanin matsala tun ciki yana wata biyar ya fi amfani ma, saboda yana ba iyali damar kai matar kusa da asibiti kafin ruwa ya rufe hanya. Amma in za a raba na'urori ba tare da an ƙidaya jini da likitan tiyata da motar ɗaukar mara lafiya cikin kasafi ɗaya ba, to gara a bar kuɗin.

Hujja ta biyu ta mutunci ce. Ana cewa: me ya sa talaka zai samu hoto mai hazo, wanda manhaja ta cike, alhali mai kuɗi a Duwala yana samun na gaske? Tambayar tana da tushe, har ta fuskar kimiyya. Wani bincike da mujallar PNAS ta buga a 2020 ya nuna cewa manhajojin da ke haɗa hoto da ƙirƙirarriyar basira na iya shafe ƙaramin abu da ke nan, ko su nuna abin da babu, in awon ya ɗan kauce daga irin wanda aka horar da su da shi. Binciken nan na Nepal da Kamaru ma ya gano cewa makin da ya dace a ce daga nan hoto abin zargi ne ya bambanta tsakanin ƙasashen biyu, saboda haka ba a ɗauko maki ɗaya a ɗora wa kowa. Shawarar 2021 kuma ba ta haɗa da yara ba, alhali su ne tarin fuka ya fi wuyar ganowa a jikinsu. Duk wannan gaskiya ne, kuma dalili ne na a san iyakar kowace na'ura. MRI mai raunin maganaɗisu tana nuna ruwa a kai da babban zubar jini, ba a neman ƙaramin ƙari da ita. Manhajar ƙirji tana tacewa ne, gwajin kaki ke yanke hukunci. Amma mai wannan hujja ya tuna da abin da ake kwatantawa. Matar da ke ƙauyen bayan tafki ba tsakanin hoto mai hazo da hoto mai kyau take zaɓi ba. Abin da ke gabanta shi ne hoton da zai amsa tambayoyi biyar, ko hannun ungozoma a kan ciki da fatan alheri. Ƙin ba ta na farko da sunan kare mutuncinta bar ta ne da na biyu.

Hujja ta uku ita ce wadda duk ma'aikacin asibiti a arewa zai fara kawowa: wuta, ƙura, gyara. Jihohin arewa uku sun daɗe suna rataye da madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, wadda aka gama a 1982, kuma da ruwanta ya ja baya a 2021 da 2022 an sha rabon wuta unguwa-unguwa har a Garwa. Tashoshin hasken rana na Gidar da Marwa sun rage raɗaɗin, ba su kawar da shi ba. Sai dai wannan hujja, in aka bi ta zuwa ƙarshe, ƙananan na'urori take goyon baya. CT da babbar MRI ne ke lalacewa in wuta tana rawa, su ne ke jiran injiniya daga Yawunde ko daga ƙetare, su ne ƙurar hunturu ke toshe wa injin sanyi. Na'urar aljihu faranti ɗaya na hasken rana ya ishe ta, in ta mutu kuma ana sa ta a jaka a musanya. Haɗarinta a wani wuri yake, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Yawancin waɗannan na'urori ana sayar da su ne da kuɗin manhaja na shekara-shekara, wasu manhajojin ƙirji kuma ana biyansu bisa yawan hoton da suka karanta. Mai ba da tallafi yakan biya na 'yan shekaru ya tafi, na'ura lafiyayya ta koma ajiya a durowa saboda lasisi ya ƙare. Wasu kuma sai sun tura hoto ta intanet zuwa wata ƙasa kafin su ba da amsa, abin da ba ya yiwuwa a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Maganin wannan a takardar ciniki yake, kuma aikin ma'aikatar lafiya ne: kada a sayi na'urar da ba ta lissafi a cikinta ba tare da intanet ba, a rubuta kuɗin lasisi da batir da gyara na tsawon rayuwarta tun ranar saye, a kuma fayyace cewa hotunan marasa lafiya mallakar ƙasa ne, ba za a kwashe su a horar da manhajar wani kamfani sannan a dawo a sayar mana da ita ba.

Duk wannan ba yana nufin Garwa ta yi asarar abin da aka gina mata ba. Babban asibitin da aka yi da rancen Koriya ta Kudu da sauran cibiyoyin birnin suna da aikin da babu na'urar aljihun da za ta yi. Ɗan acaɓan da ya faɗi ya bugi kai a kan titin Marwa zuwa Garwa CT yake bukata cikin sa'o'i, haka wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama, domin sai an bambance toshewar jijiya da fashewarta kafin a ba da magani. Mai ciwon daji ma sai da babbar na'ura ake sanin inda cutar ta kai. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi CT ba ta kai ɗaya ga mutum miliyan ba, a ƙasashe masu arziki kuwa ta kusa 40, saboda haka babu mai cewa arewa ta ƙoshi. Abin da nake ja da shi shi ne tsarin da ke farawa daga sama ya tsaya a can. Babbar na'ura ma ta fi amfani in akwai masu tacewa a ƙasa, domin wanda ya isa gare ta zai zama wanda ke bukatarta da gaske, kuma ya iso da wuri.

Akwai kuma aikin da Garwa kaɗai za ta iya yi wa Maga. Jami'ar Garwa, da aka kafa a 2022, tana da tsangayar koyon likitanci, kuma ita ce ya kamata ta zama idon da ke bayan duk waɗannan ƙananan na'urori. Kamaru ba baƙuwa ba ce ga wannan tsari. Injiniya Arthur Zang ya ƙera CardioPad, allon da ma'aikacin jinya a karkara ke auna bugun zuciya da shi ya tura wa likitan zuciya a birni ta layin waya, har ya ci lambar injiniyoyin Afirka ta Royal Academy of Engineering a 2016. Hoton eko da na ƙirji ma haka za su bi: ungozomar Maga ta duba, manhaja ta ba da amsar farko nan take, abin da ya shige duhu a tura wa likitan hoto a Garwa in sabis ya samu. A can ne kuma za a riƙa ɗibar wani kaso na hotunan da manhaja ta ce lafiya lau ne a sake dubawa, a kwatanta makin ƙirji da sakamakon kaki na mutanen Mayo-Danay da Binuwai, a tsayar da makin da ya dace da su, a sake gwada shi duk lokacin da kamfani ya sauya manhajarsa. Daga cikin hotunan mafitsara da ƙoda da za a tara a bakin tafki ne kawai za a iya horar da manhajar da ta san tsargiya, domin kamfanonin Turai da Amurka ba su da marasa lafiyar, ba su kuma da kasuwar da za ta sa su nema. Wannan aiki yana bukatar ɗalibai, da ma'ajiyar hotuna, da izinin marasa lafiya, da layi a kasafin jami'a da na ma'aikatar lafiya.